Gardamar Gajeren Wando a Jiragen Ruwa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin Turawan Ingila da na Amurka, wadda in Bahaushe ya ji ta da fari sai ya yi dariya, ya ce ashe ƙoshi ma yana da nasa ciwon. Gardamar kuwa ita ce, wai ko ya halatta namiji baligi ya shiga babban ɗakin cin abinci na jirgin ruwa da dare yana sanye da gajeren wando. Waɗansu sun ce ya halatta, tun da yake da kuɗinsa ya shigo. Waɗansu sun ce a'a, a tsai da shi a bakin ƙofa, ya koma ya sake shiri. Mun ga ya kamata mu kawo maganar cikin wannan mujalla tamu, domin abin da ke ƙarƙashinta ya shafi duk wurin da mutane da yawa ke ci a ɗaki guda bisa doka guda. Mu kuwa, 'yan makaranta da malamanmu, ba baƙin irin wannan wuri ba ne.

Bari mu fara bayyana irin jiragen, kada wani ya ɗauka jirgin fito ne na Kwara ko Binuwai. Su jiragen shan iska ne, watau yawancinsu ba su kai mutum ko'ina. Mutum ya biya, ya shiga a Miyami ko Southampton, a yi ta yawo da shi bisa teku kwana bakwai ko goma sha huɗu, ana tsayawa tsibiri-tsibiri, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. A shekarar 2023 mutum miliyan 31.7 suka yi irin wannan tafiya, bisa ga lissafin ƙungiyar kamfanonin jiragen. Wani jirgi da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,300. Wannan ai gari ne sosai, da kantunansa da asibitinsa da gidajen wasansa. Garin da kuwa mazaunansa ke sakewa kowane mako, ba wanda ya san wani, dole a sami abin da za a yi musu a kai.

Dokar nan ta sutura ba jiya aka fara ta ba. Asalinta daga jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika ne da wasiƙu da fasinja. A 1840 jirgin Britannia na kamfanin Cunard ya tashi daga Libaful zuwa Halifax da Boston, ya yi wajen mako biyu a hanya, har da saniya aka shiga da ita saboda madara. Ƙaramin jirgi ne, marubucin nan Charles Dickens da ya hau shi a 1842 ya yi ta kukan ƙuncin ɗakin da aka ba shi. Amma da jirage suka girma, suka zama kamar fadar sarki, sai masu dukiya suka shigo da al'adar gidajensu, watau mutum ya yi wanka ya sake tufafi kafin abincin dare. A cikin Titanic, wanda ya nutse a 1912, akwai ma'aikaci mai busa begila, in ya busa fasinjojin aji na ɗaya su san lokacin shiri ya yi. Maza su sa baƙar kwat mai jela da farar taguwa da ta sha sitati, mata su sa dogayen riguna da lu'ulu'u, a sauko a zauna a ci abinci kashi-kashi har kashi goma. Duk da haka al'adar tana da sassauci. Daren farko ba a yin ado, don ba a gama kwance akwatuna ba, daren ƙarshe ma haka, don an riga an ɗaure su.

To, a lura da abu guda. Begilar nan ba don kowa ake busa ta ba. Talakawan da ke can ƙasa, 'yan aji na uku, masu ƙaura zuwa Amurka neman abinci, su babban abincinsu da tsakar rana suke ci, da maraice sai shayi da ɗan abin taɓawa. Ba wanda ya tambaye su abin da suka sa, domin ba a yarda su hau sama ba ko da sun yafa alkyabba. Ashe ke nan tun asali dokar sutura katanga ce tsakanin mai shi da marar shi. Al'adar ta biyo jiragen Elder Dempster da ke zuwa Ikko daga Ingila, suna tsayawa Las Palmas da Saliyo da Takoradi, har na ƙarshensu, Aureol, ya bar hanyar a 1974. Su ne suka riƙa kawo Razdan da Di'o, mutanen da kakanninmu suka sani da gajeren wandon kaki da doguwar safa da rana, in dare ya yi kuwa ana liyafa a gan su cikin baƙar kwat. Duk wanda zai kare dokar nan yau ya kamata ya san gidan da ta fito, kada ya yi ta yabonta kamar daga sama ta sauko.

Abin da ya birkita al'amarin jirgin sama ne. A watan Oktoba na 1958 jirage masu injin jet suka fara ɗaukar fasinja tsakanin Turai da Amurka, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Kafin a jima manyan jiragen ruwa suka rasa masu hawa. Waɗansu aka sayar aka farfasa, waɗansu aka juya su ga yawon shan iska a tsibiran Karebiyan, inda ba a san sanyi ba. A 1972 Ted Arison ya kafa kamfanin Carnival a Miyami da tsohon jirgi guda, Mardi Gras, wanda ya maƙale a rairayi ran fitarsa ta fari. Kamfanin dai bai maƙale ba, don ya gane akwai dubban malaman makaranta da akawuna da makanikai da ke son hawan teku in kuɗin ya sauko. Aka rushe azuzuwa, kowa ya shiga ɗaki guda. Sai dai da aka rushe katangar, an bar dokar da aka yi dominta. Makaniki ya gaji teburin attajiri, aka ce sai ya gaji kwat ɗinsa kuma. Nan gardama ta samo tushe.

Tun daga nan kowane kamfani ya kama tasa hanya. A shekarar 2000 Norwegian Cruise Line ya soke tilascin daren ado da tilascin sa'ar cin abinci, ya ce kowa ya ci sa'ad da ya ga dama, da wanda ya ga dama. A ƙarshen 2015 Celebrity Cruises ya sauke daren kwat da laktaye, ya maye shi da wani dare mai sauƙi wanda ko wandon jins mai kyau ya isa. Virgin Voyages, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2021, bai tilasta wa kowa wata shiga ba. Carnival ya tsaya tsaka-tsaki: yawancin darare ya yarda da gajeren wando in mai mutunci ne, amma dare ɗaya ko biyu cikin tafiya ya hana. Cunard kuwa ya riƙe tsohuwar igiya. A jirginsa Queen Mary 2, wanda ke ƙetarewa daga Southampton zuwa Niyok cikin dare bakwai, in ƙarfe 6 na yamma ta yi, gajeren wando ya gama aikinsa a manyan ɗakuna, akwai kuma darare na musamman da ake son baƙar kwat da laktaye. Ga abin mamaki, tun 1998 Cunard ɗin nan yana hannun kamfanin Carnival. Watau mai sayar da sakewa da mai sayar da tsanani ubangidansu ɗaya, aljihu ɗaya kuɗin ke shiga. Haja ce iri biyu aka baza a kasuwa, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa.

Yanzu bari mu saurari masu gajeren wando, domin suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sun ce hutu suka zo. Mutum ya yi wata goma sha ɗaya yana shaƙe wuyansa da laktaye a ofis, ya tara kuɗi don ya sami mako guda na numfashi, sa'an nan a ce masa ya sake shaƙewa kafin a ba shi miya? Sun ce kuma, da can fasinja da adaka biyar yake shiga jirgi, 'yan dako na ɗauka. Yau sai ya hau jirgin sama kafin ya kai tashar ruwa, kamfanonin sama kuwa yawanci kilo 23 suka yanka wa akwati, kwat da takalmin fata su cinye wurin kayan kwana uku. Mai iyali ya ce shi da 'ya'ya uku, zai ɗinka wa kowa kwat saboda dare biyu, alhali baɗi ta yi musu kaɗan? Daga baya su kawo hujjar da suka fi so: in na zauna ƙyallen tebur ya rufe gwiwata, to ta ƙaƙa gwiwar da ba ka gani za ta ɓata maka ɗanɗanon nama? Hujjar zafi ce kaɗai ba mu karɓa ba, don ɗakunan nan na'urar sanyi na aiki cikinsu dare da rana, har mata kan shiga da mayafi.

Tarihi ma yana taimakonsu fiye da yadda abokan gardamarsu ke so. Ita baƙar kwat ɗin nan ta cin abinci, wadda yau ake gani ita ce ƙarshen girma, da can shigar sakewa ce. A 1865 Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Bakwai a 1901, ya sa telansa Henry Poole na Landan ya ɗinka masa gajeriyar kwat marar jela, don ya ɗan sake in yana cin abinci a gidansa na ƙauye. Shekaru da yawa ba a zuwa babban biki da ita, jikoki suka zo suka mai da ita farilla. Sojan ruwan Ingila kuwa, da zafin Bahar Maliya ya gallabe su, sai aka yarda hafsa ya zo tebur ba kwat, farar taguwa da baƙin wando da ɗamara a ƙugu sun isa, har shigar ta ɗauki sunan tekun. A tsibirin Bamuda kuma ma'aikacin banki kan tafi ofis da gajeren wando da doguwar safa da kwat da laktaye, ba mai ce masa kanzil. 'Yan wasansu ma da shi suke shiga fili ran buɗe wasannin Olamfik, ko da lokacin ƙanƙara ne. Wandon nan daga kakin sojan Ingila ya samo asali, ɗan'uwan wanda Di'o ya sa a ƙasarmu.

Ga kuma wani abin dariya. Mutumin Sikotlan in ya zo daren ado da ɗan zanen nan nasu na gargajiya mai ninki-ninki, wanda iyakarsa gwiwa, sai a buɗe masa ƙofa da murmushi, har a nemi ɗaukar hoto da shi. Mace ma in ta sa riga iya gwiwa ba mai tsai da ita. To, in gwiwar mutumin Sikotlan ta halatta, ta Ba'amurke me ta yi? Amsar ita ce tun farko gwiwa ba ta cikin lissafi. Abin da ake nema shaida ce cewa mutum ya ɗauki daren da muhimmanci, ya bar bakin ruwa, ya yi wanka, ya sake kaya saboda mutanen da zai zauna da su. Mai zanen ya yi haka, har ya wuce. Wanda ya shigo da wandon da ya wuni da shi kwance a rana, da singileti da silifa, bai yi ba.

A nan sai mu yi hattara, 'yan'uwa. A wurinmu gajeren wando na yaro ne da ɗan ƙwallo da mai aikin ƙarfi, magidanci ba ya zama da shi ko a ƙofar gida, ga kuma maganar al'aura wadda malamai suka iyakance daga cibiya zuwa gwiwa. Saboda haka da mun ji gardamar sai zuciya ta ruga wajen masu hanawa, mu ce ai kunya suke karewa. Amma mutanen nan da ke son a tsai da wani a ƙofa da dare, su ne suka wuni tare da shi a bakin tafkin wanka na jirgi, kowa da ɗan kamfai, ba wanda ya kau da kai. In za mu auna su, mu auna su da mudun kasuwarsu.

To, da mudun nasu ga abin da muka gani. Wanda ya ce gwiwarsa ba ta taɓa naman kowa ba ya faɗi gaskiya, sai dai ya manta ba nama kaɗai aka sayar ba. Nama akwai shi a wani bene, inda kowa ke ɗaukar faranti ya zuba da kansa. Abin da aka sayar a babban ɗaki shi ne daren kansa, da fitilu, da kiɗa, da fararen ƙyallaye, da ɗaruruwan mutane waɗanda kowannensu ya yi ƙoƙari. Irin wannan kaya kuku ba ya iya dafa shi a kicin, fasinjoji ne ke kawo shi a jikinsu, kowa da ɗan rabonsa. Ku tuna da hawan salla. Da mahayi guda zai fito cikin tsumma, ba abin da zai ragu daga rawanin na kusa da shi. Amma bari goma su yi haka bana, baɗi hamsin, sai a wayi gari dawaki na nan, hawa ya tafi. Mai gajeren wando yana so ya zauna cikin ƙawar da waɗansu suka sha wahalar kawowa, shi bai kawo kome ba. Ya zo cin tuwon gayya ke nan, fartanyarsa na gida.

A duba kuma wanda ke hasara. Attajiri ba ya hasara, don shi in ɗakin ya lalace sai ya koma ƙaramin ɗakin da ake biya dabam, ko ya hau jirgin da kuɗinsa ya ninka. Mai hasara shi ne irin tsohon direban nan da matarsa, waɗanda suka cika shekara arba'in da aure, 'ya'ya suka haɗa musu kuɗin tafiya. Ita ta ɗinka riga tun watanni, shi ya fiddo kwat ɗin da ya sa ran bikin 'yarsa. Sau ɗaya za su yi wannan a duniya. An nuna musu hoto a takardar talla, an rubuta musu doka, sun bi. Dokar da aka yi da can don ta tsare talaka a waje, yau ita ce ke ba shi dare guda na sarauta, shi ne kuwa ya fi kowa jin zafi in aka ɓata daren.

Sa'an nan ba a ɓoye wa kowa dokar ba. Tana rubuce tun kafin a biya, ana kuma maimaita ta cikin takardar shirin yini da fasinja ke samu kullum. Akwai jirage da dama da za su karɓi mutum yadda yake so. Wanda ya tsallake su duka ya zaɓi Cunard, kana ya tsaya a ƙofa yana cewa da kuɗinsa ya zo, daidai yake da wanda ya yanki tikitin Nguru yana faɗa don ba a sauke shi a Jos ba. Kuɗinsa abin da aka rubuta ya saya. Ba kuwa da yunwa za a bar shi ba, ɗakin zuba da kanka yana buɗe, in ya so ma a kai masa har ɗakin kwanansa.

Amma duk wannan ƙaramin laifi ne in an gwada shi da na kamfanonin, nan ne kuwa muke so mu daɗe. Da yawansu suna rubuta doka da hannun dama, su goge ta da na hagu. A takarda a ce an hana, a ƙofa a kau da kai. Ko kuwa a rubuta da harshe mai santsi, a ce shawara ake bayarwa, ba a ce dole ba, ba a kuma ce an bari ba. Dalilin a fili yake. Suna son kuɗin mai kwat, suna son na mai wando. Daren ado kuma ranar kasuwa ce a jirgi: masu ɗaukar hoto su kafa fitilunsu a kowace kwana, wurin gyaran gashi ya cika, kantin turare da sarƙa ya yi ciniki, a waɗansu jirage har kwat ake bayarwa haya. Saboda haka ba za su soke daren ba. Ba kuma za su tsai da kowa da gaske ba, kada ya yi fushi baɗi ya tafi wani kamfani. Abin da ke faruwa ke nan, jiya an mai da wani, yau an bar wani da wando irin nasa sak. Wanda aka mayar ya ga an wulakanta shi, wanda ya bi doka ya ga an mai da shi wawa, kowa ya kwana da fushi, alhali da babu dokar sam da ba wanda zai ji ciwo haka. Ai kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

To, wa ake turawa ya yi askin? Manajan da ke zaune a ofis a Miyami ba ya zuwa. Wani saurayi ake turawa, mutumin Filifin ko Indunusiya ko Indiya, don daga can da yawan masu hidimar tebur suke, wanda ya bar iyalinsa wata shida ko tara yana aiki kwana bakwai a mako. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce kada hutunsa ya gaza sa'a 10 cikin 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai. In kuka lissafa za ku ga ana iya sa shi aikin sa'a 91 a mako ba a karya doka ba. Babban rabo na abin da yake aikawa gida daga tukuicin fasinja yake fitowa, wanda a jirage da yawa ake ɗora wa fasinja kowace rana, amma yana da ikon zuwa ofis ya ce a rage ko a cire. In tafiya ta ƙare kuma a ba fasinja takardar tambaya ya faɗi yadda aka yi masa hidima, ana kuwa duba amsar. Wannan bawan Allah ne ake so ya tsaya gaban ƙaton Bature da ya riga ya sha kwalba biyu, gaban matarsa da 'ya'yansa, ya ce masa ya koma ya sake wando. In ya faɗa, ya jawo wa kansa ƙara. In ya yi shiru, teburin da ke kusa su kai ƙararsa. Kamfani ya ci riba ta fuska biyu, an bar yaron da ya fi kowa ƙarancin albashi yana shan zagi ta fuska biyu. Ba mu ga adalci a nan ba ko kaɗan.

Akwai kuma waɗansu da ba za mu ƙyale ba, su ne fasinjojin da suka naɗa kansu dogarai. Su zauna kusa da ƙofa suna ƙidayar gwiwoyi, suna zunɗe, har abincinsu ya huce. Wanda ya sa kwat ya kuma wulakanta baƙo, ya bi rabin doka ya karya rabin da ya fi girma, tun da an ce suturar alamar girmama mutane ce. Ba su kuma san dalilin kowa ba. Wani akwatinsa ya ɓace a filin jirgin sama, wani yana da miki a ƙafa da dogon wando ke fama masa. Irin waɗannan shugaban ɗaki ya kamata ya san da su, ya shigar da su ba surutu.

Abin da muke gani ya fi shi ne kowane kamfani ya faɗi magana ɗaya ya tsaya a kanta. In ya ga fasinjojinsa ba su son ado, ya soke dokar a fili, ya kuma cire hotunan masu baƙar kwat daga tallarsa, ba abin kunya ciki. In kuwa zai riƙe, jirgin da ke da wuraren cin abinci fiye da 20 ba zai rasa ɗaki guda da zai keɓe ba. A rubuta sharaɗin da kalmomi marasa fuska biyu, a sa babban ma'aikaci mai igiya a kafaɗa a ƙofa, wanda albashinsa bai rataya ga tukuici ba. A kuma ba sauran ɗakuna abinci mai kyau daidai da na can, kada a ce wanda ya zaɓi sakewa an hore shi da cikinsa.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu kai tsaye, ko wani daga cikinmu zai sami hali wata rana. Jirgin da ya karɓi zanen mutumin Sikotlan a kan cewa shigar ƙasarsa ce, ba shi da hujjar ƙin babbar riga da 'yar ciki da wando. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi Ingila ta teku, hotunansu na can sun nuna su cikin riguna da rawuna, ba wanda ya ari kwat. Inda za a iya samun saɓani wajen hula ne. A al'adar Turawa namiji tuɓe hula yake yi in ya shiga ɗaki, jirage da dama kuma sun rubuta hana hular 'yan wasa a tebur, mu kuwa a wurinmu mutum ba hula bai gama shiri ba. Mai tsaron ƙofa da bai taɓa ganin zanna bukar ba yana iya haɗa ta da waccan. Saboda haka mai niyya ya rubuta wa kamfani tun kafin ya biya, ya riƙe amsar a aljihu.

Ya kuma sani ba a yarda da dutsen guga a ɗakin kwana na jirgi ba, don tsoron gobara, in an gan shi a akwati karɓewa ake yi sai ƙarshen tafiya. Shadda kuwa in ta kwana uku a ninke ba ta fita gaban mutane haka nan. A jiragen Cunard akwai ɗakin wanki da fasinja ke shiga ya yi guga da kansa. A waɗansu sai dai a ba ma'aikata a biya, a ba su kuwa tun da safe, a yi musu bayani kada su danna wuta a kan aikin wuyan.